Su wa masu binciken suke tambaya?

Wani labari ya ce masu bincike a Ingila suna son jin ta bakin kowane irin gida mai riƙon yara, amma ta hannun ƙaramar hukuma suke nemo mutane, wato masu rajista kaɗai. Kakar da jikoki suka dawo hannunta fa? Dokar can ta ce yaron da bai kai shekara 16 ba, in ya kwana 28 wurin wanda ba danginsa na kusa ba, sai an sanar da hukuma, shi ya sa wasu 'yan Afirka ke ɗari-ɗari da duk mai takarda da biro. Ga tambayoyi da Turanci zalla, babu tafinta, babu kuɗin mota. Duk mai cewa irin waɗannan mutane ne ba sa zuwa wurin masu binciken, an bi su masallaci ko coci?