Kifin bargin da muka raina, ɗan uwansa na da takardar shaida a Malesiya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, maigidan da nake haya a wurinsa a nan garin Ipoh ya ƙwanƙwasa mini ƙofa tun ban karya ba. Dattijo ne ɗan asalin Sin, ya ba saba'in baya, kuma shekara uku da nake gidansa bai taɓa neman alfarma a wurina ba. Ya ce in zo in kama masa, yau kifinsa zai yi ƙaura.

Kifin ƙwaya ɗaya ne tak. Arowana ake ce masa, Malayu kuma su ce kelisa. Ɓawon jikinsa manya ne kamar an jera sulalla, suna ɗaukar ido da ruwan zinare, ga wasu 'yan gemu guda biyu a bakin haɓarsa. Ya sayo shi bai fi tsawon tafin hannu ba, a wata gonar kifi da ke Bukit Merah a jihar Perak, inda masu kiwon irin wannan kifi suka yi kaka-gida. Yanzu ya haura kamu ɗaya, tankin gilashin da yake ciki mai ƙafa huɗu ya yi masa kaɗan. In ya zo juyawa sai ya lanƙwasa jiki. Dattijon ya ce in aka bar shi a matse, kuma ruwa ya gurɓace, murfin kunnensa na numfashi sai ya fara nannaɗewa, wanda gyaransa aiki ne. Kifi ne da ke iya kaiwa santimita 90, don haka ya sa aka haɗa masa sabon tanki mai ƙafa shida.

Ni na ɗauka za mu zuba ruwa ne mu ɗauko kifi mu jefa. Ashe sabon tankin ya yi wata guda da ruwa a ciki, injin tacewa na aiki dare da rana babu kifi ko ɗaya. Ya ciro tsohon soso daga matatar tsohon tankin ya sa a sabuwar, domin ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin kashin kifi su hayayyafa kafin kifin ya iso. Ruwan famfo sai an kashe masa sinadarin kulorin. Yana da wasu 'yan kwalabe da yake ɗiga magani a ciki ya duba launin ruwan. Ya auna zafin tankunan biyu sai da suka zo daidai, digiri 28. Kwana biyu kafin ranar ya hana kifin abinci, gyare da jatan landen da ya saba ba shi duk ya ɗauke, don kada ya yi amai a hanya. Hanyar kuwa ba ta wuce taku goma ba, daga baranda zuwa falo.

Da na miƙa hannu zan ɗauki raga, sai ya riƙe mini hannu. Raga tana karya gemun, tana ɓantare ɓawo. Wata babbar leda mai kauri ya nutsar cikin ruwan, ya buɗe bakinta, ya tsaya shiru kusan minti goma yana lallaɓa kifin da tafin hannu har ya shige da kansa. Muka ɗauko tare, ni na tallafi gindin ledar ina jin bugun wutsiyarsa a tafina. Muka bar ledar tana yawo a saman sabon ruwan, yana ɗan zuba mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, kafin ya sake shi. Ya rufe da murfi, ya ɗora nauyi, domin kifin mai tsalle ne, a daji har ƙwaro yake cafkowa daga reshe. Ya kashe fitila, ya ja labule, ya hana jikokinsa guje-guje a falon. Sannan ya ɗauko mini takardar kifin, mai ɗauke da lambar wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da aka dasa a jikinsa tun a gona.

Ina kallon yadda yake tafiya, doguwar jikin nan da ƙayar baya da ta koma can wajen wutsiya, sai gabana ya faɗi. Bargi ne sak. Na ce masa ai muna da ɗan uwansa a gida, a fadamun Haɗeja, mu miya muke yi da shi, mu yi bandarsa. Na yi zaton zai ɓata rai, sai na ga ya gyara zama. Ya san shi sarai, masu sayar da kifin ado suna kiransa arowanar Afirka. Ya ce ya taɓa sayen ƙanana biyu suka mutu masa, don su ba farauta suke yi ba, tace abinci suke daga laka da ruwa, rainonsu a gilashi sai gwani. Sai ya tambaye ni ko har yanzu yana nan da yawa a wurinmu. Na ce ƙwarai, burjik. Da sauri na amsa, don ba na so a ga wallen garinmu a bakin baƙo.

Da daddare na kira Yaya a ƙauyenmu da ke ƙasar Guri a jihar Jigawa. Na ce, "Yaya, yaushe rabonka da babban bargi, irin wanda Baba ke saɓowa a kafaɗa?" Ya yi shiru, ya ce, "Kai dai bari. Ƙanana ake samu, su ma sai an dace."

Na san abin da za a ce mini, ni ma na faɗa wa kaina. Masuncin da ya bar yara da yunwa a gida ba za ka haɗa shi da mai fansho da ke kiwon kifi don nishaɗi ba. Kuma son da mutanen nan ke yi wa kifinsu yana cikin abin da ya kusa ƙarar da shi a kogunansu, kuma an sa shi cikin jerin halittun da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta fi tsananta wa kariya tun 1975. Shi ya sa sai wanda aka haifa a gona mai rajista ake fitarwa, a Amurka ma an hana shigo da shi. Imanin da wasunsu ke da shi cewa kifin na jawo arziki kuwa, wannan camfi ne, ba ruwan Musulmi da shi.

Duk da haka, ni dai na ce sun fi mu a wannan fanni, kuma abin yana ci mini rai. Su da suka ga abinsu zai ƙare, sai suka zauna suka koyi haihuwarsa, suka gano namiji ne ke ɗauke ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, suka mai da wannan sani sana'a. Mu kuwa in an yi maganar ƙarancin kifi, bakinmu ɗaya: madatsar Tiga ta 1974 da madatsar Challawa ta 1992 a jihar Kano, sai ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa. Duk gaskiya ne, na ga kachalar da idona ta cinye inda muke iyo muna yara. Amma ba Tiga ce ta sa muka mai da gidan sauro ragar kamun kifi ba. Ba Challawa ce ta sa ake kai wa bargi farmaki a kan sheƙarsa da damina ba. Ni kaina na yi. Mukan bi ciyawa mu nemo zagayen da ya share ya yi gida, mu jira 'ya'yan su taso shan iska baƙi ƙirin a dunƙule, mu kwashe su da ƙwarya. Ba su isa miya ba, a bakin ruwa muke zubar da su.

Ranar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya kama mu, bai dake mu ba. Ya sa muka tsaya cikin ruwa har gwiwa, ya nuna mana uwar tana kewaya wurin ita kaɗai, ya ce mu yi ta kallo har sai ya ce mu tafi. A zamaninsu in sarkin ruwa ya ce an rufe tafki, ko gora ba mai sawa sai ranar da aka buɗe. Baba bai da kwalba ko ma'aunin zafi, amma da ƙafarsa yake gane ruwan da kifi zai zauna, da launinsa yake gane ruwan Kano ne ya iso ko na sama ne. Wallahi da an zaunar da shi da dattijon nan, shi ne zai koyar. Ilimin dattijon yana rubuce, jikarsa 'yar shekara goma ta san ranar canjin ruwa. Na Baba kuwa mu takwas ya haifa, Yaya kaɗai ya riƙe homa, shi ma babban ɗansa yana acaɓa a Haɗeja. Ni da aka kai makaranta da kuɗin banda, ban taɓa zama na rubuta ko sunayen tafkunan da ya bi ba.

Na roƙi Yaya in ruwa ya shiga fadama cikin watan Agusta ya nemo mini sheƙar bargi ya ɗauko hoto, kada ya bari yara su taɓa. Ya ce wayarsa ba ta ɗaukar hoto, sai dai ya ari ta Malam Liman, kuma sai an shiga da kwalekwale can wajen fadamar Baturiya. Na ce zan turo kuɗin mai. Dattijon ya ce yana so ya gani, kifinsa kuma sai jiya Talata ya karɓi gyaren farko a sabon tankin.