Fasinja ba buhun masara ba ne

Waɗanda suka ga rubutuna na daren jiya sun san abin da aka yi wa Goggo a tasha. Na kwana na tashi, raina bai huce ba. Abin da ake yi wa fasinja a tashoshin motarmu wulaƙanci ne, kuma mun daɗe muna haɗiye shi har ya zame mana jiki.

Ga abin da ya faru. Goggo tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, za ta Kano ganin likita. Ƙarfe bakwai na safe na kai ta da kaina. Muka tarar da Sharon da mutum biyar a ciki, ɗan kamasho yana ta rantsuwa, "Saura mutum biyu, Hajiya, yanzu za a tashi." Ta biya, ta zauna, na tafi aiki hankalina kwance. Ashe uku daga cikinsu zaman cika ido suke yi. Duk fasinjan gaske da ya shigo, sai ɗayansu ya sulale kamar zai sayo ruwa. Ƙarfe sha ɗaya saura ta kira ni, muryarta na rawa, suna nan ba su motsa ba. Da ta tambaya, cewa aka yi, "Hajiya, in sauri kike yi ki ɗauki shata mana." Sa'ar kakarsa fa! Ta nemi kuɗinta ta sauka, aka ce ba a mayarwa.

Wasu sun cika min akwatin saƙo da cewa in yi musu uzuri, mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, tayoyi sun yi tsada, hanyar Kano ma tun 2018 ake fama da aikinta. Na sani, ni ma a ƙasar nake. To amma lita nawa ake ƙonawa kafin a gaya wa mutum gaskiya? "Mama, saura mutum biyar, za mu iya kai ƙarfe goma, in kina da uzuri ga wata mota can." Wannan maganar ko sisi ba ta ci. "Sannu da zuwa" ba a sayo ta a gidan mai. Ku daina kawo min zancen fetur, don Allah.

Ni abin da na lura shi ne, tsarin layi ne ya sangarta su. Mota tana jiran layinta ya zo, kamasho ya fita daga kowane lodi, fasinja kuwa ba shi da zaɓi, motar da ke kan layi ita zai shiga ko direban mutumin kirki ne ko akasin haka. Wanda ya san dole ka zo wurinsa, me zai sa ya lallashe ka? Daga nan sai mutane su gudu bakin titi su tsayar da duk motar da suka samu, ba sunansu a takarda, ba wanda ya san wa ya ɗauke su. A wannan zamanin da muke ciki! Mugun hali a tasha yana tura mutane cikin haɗari, wannan ma kaɗai ya isa abin dubawa.

Ku je tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna da asuba ku gani. Tun da aka buɗe jirgin ƙasan Abuja a Yulin 2016 mutane ke tururuwa, har bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da aka dawo da zirga-zirga a Disamba, sun koma. Tsoron hanya na ciki, ban musa ba. Amma akwai kuma tikiti mai ɗauke da lokacin tashi da lambar kujera, ka zauna kai kaɗai a kujerarka, ba a ɗora maka buhu a cinya. Mutum yana son a ɗauke shi a matsayin mutum, kuma zai biya.

Ba duk aka taru aka zama ɗaya ba, wallahi. Akwai wani dattijon direba da nake bi zuwa Zariya. Kafin ya tayar da mota sai ya juyo ya gaisa da kowa, ya faɗi inda zai tsaya in sallah ta riske mu, ya tambayi wanda zai sauka a Jaji ko Mararrabar Jos don kada kayansa su danne a ƙasa. Na taɓa ganin ya cire hularsa ya kare wa jariri rana ta taga har uwar ta gyara goyo. Yau gidanmu kaf lambarsa muke kira. Shi ma a gidan man da kowa ke sha yake shan nasa.

Goggo dai ta isa Kano bayan azahar, likitan ya tashi, an ba ta wani makon.

Af, tunda zancen tasha ake yi, wai su wa ke kula da banɗakunan mata ne? Awa huɗu ta yi a zaune ba ta sha ko kurɓin ruwa ba, mai ciwon suga, don kawai tana tsoron abin da za ta tarar in ta zagaya. Kuɗin shiga kuma ana karɓa a ƙofa, da idona na ga mai karɓar da gwangwaninsa.