Masu ingiza mai kantu ruwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, magana ce ta tsaya min a wuya tun ranar Asabar, na haɗiye ta ta ƙi wucewa.

Gidan suna muka je a Agege. Tsakar gida cike da mata, an ɗauke wuta, ana fifita da mayafi ana jiran a sauke shinkafa, sai hira ta gangaro kan wani shiri mai dogon zango da aka rufe zangonsa kwanan nan, da yarinyar da ke fitowa a cikinsa a matsayin matar da dangin miji suka sa a gaba. Ba zan kama sunan shirin ba, ba zan kama nata ba, don in na kama na shiga sahun abin da na zo yin magana a kai. Kowa dai ta hau faɗin abin da take so ta ga jarumar ta fito a kai nan gaba. Wata Hajiya da ke gefena ta ce, "Ni fa wallahi na gaji da kukan yarinyar nan. Kullum hijabi har ƙasa, kullum hawaye. A ba ta rol ɗin 'yar duniya mana, mu ga idonta a buɗe." Wata ta karɓe, "Ai ɓata kanta take a Kano. Ta taho nan Legas ta shiga cikin 'yan Kudu, ta ajiye ɗankwalin nan, ga diri Allah ya ba ta." Aka sa shewa, aka tafa.

Ana cikin haka 'yar Hajiyar, yarinya ce da ba ta wuce ajin farko na sakandare ba, ta ɗago daga wayar uwarta ta ce, "Umma, ni ma in na gama makaranta fim zan shiga." Ba ta rufe baki ba uwar ta daka mata tsawa. "Ke! Rufe min baki. Allah ya tsari gatari da saran shuka. Ba dai 'yar da na haifa ba."

Aka ci gaba da hira kamar ba a yi komai ba.

Hajiya, in rubutun nan ya iso gare ki, ki yafe min, ba tozarta ki na zo yi ba, kuma ba ke kaɗai ba ce, bakin da yawanmu kika ara. Amma waccan da kika yi wa fatan ta ajiye ɗankwali, daga bishiya ta faɗo? Ita ma wata ce ta yi naƙudarta. Akwai wata uwa a wani gida, a Kano ne ko Jos ko Kaduna, da gabanta ke faɗuwa duk sanda aka kira ta aka ce "kin ga abin da ake faɗa kan 'yarki kuwa?" Abin da kika nemi tsari da shi wa taki, a zama ɗaya, kan tabarma ɗaya, shi kika roƙa wa tata har da tafi.

Ba hukuncin fim na zo yankewa ba. Wannan na malamai ne, sun yi magana, kowa ya san wanda yake bi. In kin ɗauki sana'ar a matsayin halal, to ki so wa mai yin ta abin da zai tsare mata mutunci a cikinta. In kin ɗauke ta a matsayin ɓata, to me ya kai ki fatan 'yar musulmi ta ƙara nutsewa don ki samu abin kallo bayan isha'i? Ta kowace ƙofa kika shigo, fatan nan ba shi da wurin zama.

Wata za ta ce ai baki ne kawai, hira ce, wa zai ji. Da can wataƙila. Lokacin da ake sayen kaset da faifai a kasuwa, mai kallo ya kalla ya yi tsakinsa a ɗaki, shi ke nan. Yanzu ba haka abin yake ba. Tun da Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014 aka saba da shiri na mako-mako, daga baya kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim suka koma YouTube, abincinsu ya koma hannun mai kallo kai tsaye. Kuɗin talla ne, kuma talla tana bin yawan ido. Kafin ma tasha ta fara samun kuɗin tallan nan sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Furodusan da ya ci bashi ya ɗauki zango guda, me kike tsammani yake karantawa da daddare? Kwament ɗinmu. In ya ga ɗaruruwan mutane suna cewa a fito da wance a 'yar bariki, a sa ta rawa, a matse mata kaya, gobe zai kira marubuci ya ce a juya labari. Yarinyar kuma da aikin nan take biyan haya da kuɗin makarantar ƙannenta, in ta ce a'a akwai goma a layi da za su ce to. Mu muka rubuta rol ɗin da yatsunmu, darakta ɗauka kawai ya yi.

Sai ta yi. Ranar da ta yi, su wa ke fara jifa?

Mu ne dai. Masoyan jiya. Wadda ta rubuta "ki waye mana" ita ce za ta rubuta "kin zubar mana da mutuncin Arewa." Wanda ya ce ta zo Legas ta nuna wa 'yan Kudu mu ma muna da kyawawa, shi zai yanko hoton, ya zagaye wurin da jan layi, ya tura guruf biyar da "innalillahi, ku ga abin da ta koma." Ɗan'uwa, in abin ya dame ka da gaske, me ya sa ka adana shi a wayarka? Me ya sa ka raba wa mutum ɗari da ba su gani ba?

Ba yau muka fara ba. Waɗanda suka manyanta sun tuna 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata jaruma ya fita, har aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni. Ko WhatsApp babu a lokacin, ta Bluetooth aka riƙa tura shi daga waya zuwa waya, a kasuwa, a tasha, a majalisa, kuma masu turawar su ne masu la'antar. A 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori wata fitacciyar jaruma saboda wani bidiyon waƙa, aka yi ta cece-kuce, aka kuma yi ta kallon bidiyon don a ga abin da za a zaga. Hukumar tace finafinai ta Kano tana nan tun 2001, tana iya dakatar da ɗan wasa, tana iya hana fim fita. Amma babu hukumar da ke tace mai kallo. Shi an bar shi da Ubangijinsa, kuma wallahi wancan binciken ya fi na Kano tsanani.

Akwai wani fatan da ya fi wannan ba ni tsoro, don shi da siffar ƙauna yake zuwa. Kun san yadda aka saba, jaruma in ta yi aure yawanci takan ajiye fim. To ku leƙa ƙarƙashin hoton bikinta. Cikin masu "Allah ya ba da zaman lafiya" za ku tsinci masu "mun yi rashi," da masu "shirin nan ba zai yi daɗi ba babu ke," har da masu "muna nan muna jiran dawowarki." Dawowarta ta wace hanya? Ke da kika rubuta kin san hanya ɗaya ce. Mutuwar aure kike yi wa 'yar'uwarki fata, kin naɗe shi a cikin hoton zuciya ja. In Allah ya ƙaddara auren ya mutu bayan shekara, ku ne a gaba wajen "dama 'yan fim ba sa zaman aure." Subhanallah. Da wanne za ta ji?

Haka masu ɗaura aure a waya. An haɗa ta da wani jarumi a shiri, sun dace a ido, shi ke nan an buɗe shafi da sunansu, ana haɗa hotunansu, ana "Allah ya sa mu sha biki." Mutumin nan yana da mata a gida da 'ya'ya. Matarsa tana da waya, tana karantawa. Har shafinta ake bi a gaya mata ba ta dace da shi ba. Wace ce a cikinmu za ta kwana lafiya in dubban baƙi suna yi wa mijinta addu'ar auren abokiyar aikinsa?

In kuma shekaru suka ɗan ja, fatan sai ya juye. "Ta tsufa, a ba ta uwa." "Ta yi ƙiba." "Ta yi baƙi, me ya same ta?" Ta je ta shafa mai ta yi fari, a ce ta canza halittar Allah. Wadda kuma aka roƙa a ba ta muguwar kishiya, ta iya rol ɗin har ya yi kyau, sai a bi ta da tsinuwa kamar da gaske ta zuba wa wani guba.

Mu mazauna Legas abin ya fi kama mu, shi ya sa nake faɗa da zafi. Muna zaune a tsakiyar Nollywood, masana'antar fim ta 'yan Kudu. Muna ganin allunan talla a Ikeja da Lekki, muna ganin bikin karrama 'yan fim na AMVCA da ake yi a garin nan tun 2013, jan kafet da kayan da ake sawa, sai wani abu ya riƙa cin mu, muna so a ce ga tamu a wurin. Ba laifi ba ne son naka ya ci gaba, kuma akwai 'yan Arewa da suka yi aiki da 'yan Kudu suka fito da mutuncinsu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa ba cigabanta muke nema ba, huce haushinmu muke nema. An raina mu a danfo, an kira mu aboki a kasuwa, sai mu ɗora wa yarinya ɗaya nauyin ta tabbatar wa duniya mun waye, ko da za ta biya da abin da mu ba za mu taɓa biya ba. Mu muna Idi-Araba da Mile 12 da hijabanmu, 'ya'yanmu suna Islamiyya da yamma, ita kuma ta je ta waye a madadinmu.

Ga data ta yi tsada, tun ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025 kowa kuka yake. Mutum ya wuni a rana a kasuwar Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba, ya sha cunkoso awa biyu, ya cire daga kuɗin cefane ya sa data, don ya je ya kwashi zunubin wadda ba ta san da zamansa a duniya ba. Ranar da za a ɗebi ladansa a ba ta, ba za a tambaye shi ko shi masoyi ne ba.

To a daina fata ne? A'a, ƙannena. Ku yi fata, ku rubuta, tunda an nuna ana jin maganarku. Ni ma ina da nawa. Ina so in ga yarinyar nan ta fito a Nana Asma'u 'yar Shehu, da jajis ɗinta, wato malamai matan da ta horar na ƙungiyar 'Yan Taru, suna bin ƙauyuka da malfa a ka suna karantar da mata, tun kafin rasuwarta a 1864. Ina so in ga wadda za ta ɗauki rayuwar Hajiya Gambo Sawaba, da ɗaurin da ta sha a zamanin jam'iyyar NEPU saboda ta ce mace ma tana da murya. Wannan rol ne da ke neman jaruma ta gaske, ba mai hawaye kawai ba. Ina so in ga ungozoma, in ga malamar firamare da albashinta ke makara, in ga matar da ta warke daga yoyon fitsari ta koma gida. Mu kanmu nan labari ne da ba a taɓa ba da shi yadda ya kamata ba. Hausawa suna Agege tun zamanin fataucin goro da layin dogo, akwai tsofaffin da aka haifa a nan, Yarabanci a bakinsu kamar ruwa, ba su taɓa kwana wata guda a Arewa ba. Akwai masu tuwo da suka aurar da 'ya'ya da kuɗin tukunya. Wa ya taɓa cika kwament da roƙon a ba jarumarsa wannan? In ma muguwa za ta fito, ta fito, labari ba ya tafiya sai da mugu, amma a nemi gwanintarta, ba jikinta ba.

Kun san hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya yi wa ɗan'uwansa addu'ar alheri a bayan idonsa, mala'ika na cewa amin, kai ma ka samu irinsa. Kullum muna wuce wannan garaɓasar a ƙarƙashin hotunan mutane. Kafin ki danna tura, karanta abin da kika rubuta, ki cire sunan jarumar ki sa na 'yarki ko na ƙanwarki. In kin iya cewa amin, tura. In bakinki ya yi nauyi, kin san amsar.

Maza, ban manta da ku ba. Masu bin akwatin saƙonta da dare da "ina sonki saboda Allah," da rana kuma ku hau shafi ku kira ta da sunan da in aka kira ƙanwarku da shi sai an zubar da jini. Ƙazafi bulala 80 ne a Suratun Nur, kuma ayar ba ta cire 'yan fim ba.

Don Allah, don darajar iyayenku, duk wanda ya san yana da irin kwament ɗin nan a ƙarƙashin hoton 'yar mutane, ya koma ya neme shi ya goge. Hoton da ka adana, ka goge. In an turo maka a guruf, kada ka tura gaba. Yau nake nufi, kafin ka kwanta. Don Allah ku goge.