Riga mai kwala ba ta jefa faifai

Ga wanda bai san wasan ba: gwalf ɗin faifai wasa ne da ake wurga faifan roba daga nesa har sai ya faɗa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. A Amurka aka haifi wasan na zamani, a filayen shaƙatawa na jama'a. Ed Headrick ne ya kafa filin farko na dindindin a Kalifoniya a 1975, ya kuma kafa hukumar wasan, PDGA, a 1976.

Yanzu ana ta ka-ce-na-ce a kan suturar da ya kamata 'yan wasa su sa a gasa, ni kuma ga inda na tsaya.

Dokar PDGA ta ce duk wanda ya shiga gasarta sai da riga a jiki da takalmi a ƙafa. Wannan ba abin musu ba ne. Mutum zai yini yana ratsa daji da ƙaya, yana juyi da ƙarfi a kan dandamalin simintin da ake jifa daga kansa, ina shi ina tafiya ba takalmi? A manyan gasa kuwa an ƙara tsauri: riga mai kwala ko rigar wasanni mai tsari, ban da yagaggun kaya, ban da riga mai rubutun batsa ko zagi. Nan ma ina tare da su. Tunda fitaccen ɗan wasan nan Paul McBeth ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 na shekara 10 da kamfanin Discraft mai ƙera faifan wasan a 2021, wasan ya tashi daga na 'yan unguwa. Ana haska shi a YouTube, yara suna kallo, kamfanoni sun zuba kuɗinsu. Wanda yake cin abinci da sana'a, ya kamata ya girmama ta.

Abin da ke damuna shi ne masu son a sauko da wannan tsauri kan ƙananan gasa na ƙarshen mako. Haba jama'a! Ai arha ce ta tara wa wasan nan mutane. Faifai ɗaya ya isa ka fara, galibin filayen kuma kyauta ne. Leburan da ya taso daga aiki da tsohuwar rigarsa mai tsabta, ko ɗalibin da ya ari faifan abokinsa, a ce masa ya koma ya sayo riga mai kwala? Haka kulob-kulob na gwalf ɗin ƙwallo suka zama na masu hannu da shuni, tun daga ƙofa ake tace mutane da tufafi. A Finland wasan faifai ya bazu har ƙananan garuruwa, don yaro yana iya fitowa da kayan da ke jikinsa ya shiga.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: dokar nan ta fi magana a kan abin da dole a rufe, wanda ya ƙara rufewa bai saɓa mata ba. Don haka mace mai hijabi da dogon wando ta cika sharaɗi, har ta zarce. Ina so masu shirya gasa su riƙa rubuta hakan ɓaro-ɓaro a sanarwarsu, kada wata baiwar Allah ta zauna a gida tana zaton za a mayar da ita daga teburin rajista.