Ranar da Na Zama Ɗan Rusau a Tudun Wada

Likita ne ya jawo min. Ya auna jinina, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ko ka fara tattaki kullum, ko ka fara shan magani kullum." Na zaɓi tattaki, tunda shi ba a sayensa a kemis. Na kuma kakkaɓo tsohon kekena da ya shekara goma a jingine cikin zaure, don ranar da ƙafa ta gaji.

Kwana uku ina fita daga layinmu na Tudun Wada, in miƙa wajen Kongo in dawo. A rana ta uku ɗan acaɓa ya sharɓe min gwiwar hannu da madubi, ya waiwayo ya ce in riƙa kallon gabana. Gabana kuwa nake kallo, shi ne ya biyo hannun da ba nasa ba. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, amma da alama har yau saƙon bai ƙaraso wa wasu 'yan acaɓar Zariya ba.

Daren nan da biro da takarda na kwana. Tsakanin kwalta da lambatu a titinmu akwai ɗan fili. Na ce a ware mita ɗaya da rabi na masu tafiya a ƙasa, yadda mutum biyu za su gifta juna ba wanda ya sauka kan titi, a rufe lambatun da silab masu keke su samu nasu, sannan a jera tsofaffin tayoyi cike da siminti, don na san zanen fenti kaɗai ba ya tare Keke Napep. Yaran Islamiyya da ke dawowa da magariba su ma su huta. Uwargida ta leƙo takardar ta ce, "Maigida, tattaki aka ce ka yi, ba a ce ka karɓi kwangila ba."

Mai unguwa ya saurare ni tsaf, ya sa albarka, ya ce in fara auno wurin.

Ranar Asabar na ari tef a wurin wani birkila. Na je sayen fenti, ƙaramin gwangwani sai ja ya rage, na ce ai fenti fenti ne. Na ɗora rigar nan mai ƙyalli ta ɗan ƙanena don masu mota su hango ni, na maƙale littafi a hammata, na shiga awo. Duk taku goma sai in duƙa in buga alama. Wace alama ce ta fi sauƙin zanawa? Mai kama da almakashi a buɗe.

Duk wanda ya ga shekarun da aka yi ta rushe shaguna ana faɗaɗa tituna a jihar Kaduna ya san abin da jan fenti yake nufi. Ni kaɗai na manta.

Mai shayi ne ya fara isowa da kofi cike, mai kauri, da ƙwai biyu a faranti. "Yallaɓai, a ɗan jiƙa maƙoshi." Shekara da shekaru ina shan shayinsa, ko rabin cokalin madara bai taɓa ƙara min ba. Mai faci ya fara ɗora injinsa a baro. Tsohuwa mai ƙosai ta riƙe min gefen riga: "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, marayu nake riƙo da kaskon nan." Wani Alhaji ya fito da takardun filinsa a jakar leda, ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Can na ji wani yana waya: "Sun zo, wallahi sun zo, amma mutum ɗaya suka fara turowa."

Sai wani yaro ya ce, "Kai, ai Malam ne na layin masallaci!" Na ɗauka na tsira. Tsohuwa ta saki rigata ta tafa hannu: "Ashe da ɗan gari akan ci gari!"

Ina bayani ina ja da baya, suna matsowa, ina ƙara ja, sai ji na yi ƙasa ta ƙare. Lambatun da nake son a rufe, shi ya karɓe ni, ga damina. Zurfinsa dai na auna ba da tef ba: har gwiwa. Mai unguwa ne ya zo ya warware zancen, aka ciro ni ana dariya. Mai shayi ya bari sai da na gama matse wando, sannan ya matso ya ce, "Malam, kuɗin shayi da ƙwai."

Duk da haka an yi aikin. Matasa suka tara tayoyi daga wurin mai faci, aka cika su da siminti, aka ja layi da farin fenti wannan karon. Silab ne kuɗi bai kai ba.

Litinin da safe na fito da keke, ina jin kaina kamar mai shirin yanke ƙyallen buɗe gadar Ƙofar Doka. Na tarar da mai rake, mai lemo, mai gwanjo da mai cajin waya sun jeru reras cikin layin, ba wanda ya ƙetare ko da ɗan yatsa. Mai rake yana zaune a kan taya ɗaya, ya ɗaga min wuƙarsa: "Allah ya saka da alheri, Malam! Yanzu mota ba ta isa ta taɓa mana kaya ba." Ya miƙo min gaɓa biyu kyauta. Na sauka kan kwalta na tura kekena, Keke Napep na danna min ham a baya.

Da na koma asibiti ƙarshen wata, likita ya auna, ya sake aunawa, ya tambaye ni ko wani abu ya faru a gida. Na ce a'a, tattaki nake yi. Ya jawo takardar magani.