An raɗa suna an watse, wa zai riƙe jaririn?

Tun ciki na wata bakwai ake fara muhawarar suna a gidajen matasan ma'aurata. Miji na son ya yi wa mahaifiyarsa takwara, matar kuma ta riga ta ajiye wani suna da take so tun tana 'yar makaranta. A ƙarshe a sasanta kamar yadda aka saba: ranar bakwai liman ya raɗa sunan kaka, a gida kuma a sa alkunya, a riƙa kiran yarinya Ummi ko Nana ko Afnan, namiji kuma Abba ko Khalifa. Su Talatu da Jummai da Ɗanlami da Tanko, waɗanda da jin su ka san ranar da aka haifi mutum ko su wa yake bi, sun soma zama sunayen kakanni. Ba ni da ja a kan wannan hira, don suna haƙƙi ne na yaro a kan iyayensa. Abin da ke damuna shi ne a nan hirar take tsayawa. A yi makonni ana lissafin rago da anko da rumfa da kujeru, amma da wuya ka ji an zauna an tambayi juna: ranar da mai jego za ta koma bakin aiki, a hannun wa za a bar jaririn?

Iyayenmu ba su buƙaci yin wannan tambaya ba. In haihuwar fari ce, mace gidansu take tafiya, ta yi wankan jego na kwana arba'in, ta sha kunun kanwa, uwarta na kula da ita da jaririn. In ta dawo, babban gida ta dawo: ga surukuwa, ga faccaloli, ga gwaggo, ga 'yan matan gida masu rige-rigen goyo. Lokacin yaye a kai yaro wurin kaka. Yau ma'aurata na zaune su biyu a gidan haya a Kubwa ko Mararaba ko wata sabuwar unguwa a gefen Kano, kaka tana Gumel ko Funtuwa, wata kakar ma ita kanta ba ta yi ritaya ba. Uwar kuma malamar makaranta ce, ko nas, ko ma'aikaciyar banki da ake sa ran gani a kujerarta kafin ƙarfe takwas. Babban gida ya watse, ba mu kuma tanadi abin da zai tsaya a madadinsa ba.

Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, shida kafin haihuwa da shida bayanta, kuma abin da ta wajabta wa mai aiki shi ne aƙalla rabin albashi, shi ma in matar ta yi wata shida tana aiki a wurin. Bayan ta dawo tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wannan bai kai mako 14 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauka a matsayin mafi ƙaranci a shekarar 2000 ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya sun ɗan fi samun sauƙi, nasu hutun ya fi haka tsawo. Jihar Legas ta kai na ma'aikatanta wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. A ƙananan makarantu masu zaman kansu da shaguna da ƙananan asibitoci kuwa, inda mata da yawa suke aiki, sau tari hutun ya rataya ne a kan tausayin mai wurin. Akwai wadda ana gama arba'in za a kira ta a waya a ce ɗalibai na jira, in ba za ta iya ba akwai masu neman gurbin.

A gefe guda, duk matar da ta je awo an gaya mata ta ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa kada ta haɗa masa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke nan, kuma shawara ce mai kyau a ƙasar da gudawa ke kashe yara. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun hakan. Ana yawan ɗora laifin a kan al'adar ba jariri ruwa saboda zafi, kuma akwai gaskiya a ciki. To ita ma'aikaciyar da ta yarda da shawarar ɗari bisa ɗari fa? Ta tashi da asuba ta tatsi nono a kwalba, ta buɗe firiji ta tarar wuta ba ta zo ba tun jiya. Ta bar kwalbar a cikin kwanon ruwan sanyi ta fita. Kafin azahar ya ƙare ko ya lalace, yaro na tsala kuka, wadda aka bar wa shi ta dama masa koko. A ofis kuma gaban rigar uwar ya jiƙe, tana jan gyale tana rufewa. Hukuma ɗaya ta ce mata wata shida, wata hukumar ta ce mata mako shida bayan haihuwa, sannan aka bar ta ita kaɗai ta daidaita su.

Yadda yawancin gidaje suke daidaitawa shi ne abin da ya fi ci mini rai. A nemi wata dillaliya ta kawo yarinya daga ƙauye. Kowa ya san irin yarinyar: shekara goma ko sha ɗaya, da 'yar ledar kayanta, tana kiran matar gida Anti, kuɗin aikinta kuma hannun dillaliya da iyayenta yake tafiya. Za ka gan ta da hantsi a bakin get, lokacin da sa'o'inta ke aji, ta goya jariri da zanen da ya yi mata yawa, tana jijjiga shi tana wanke-wanke. Ita ma yarinya ce mai buƙatar a raine ta. In jariri ya shaƙe da abinci ba ta san abin yi ba, in zazzaɓi ya rufe shi tsoro zai hana ta faɗa. In wani abu ya faru ita za a daka, a mayar da ita, a kawo wata. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har da hukuncin ɗauri, amma wa ke tunawa da ita? Mu da muke ta maganar ilimin 'ya mace, bai kamata aikin 'yarmu mai digiri ya tsaya a kan hana 'yar talaka karatu ba.

Na san amsar da wasu ke da ita a shirye: to ta ajiye aikin mana ta zauna ta raini ɗanta. Wadda ta zaɓi haka kuma mijinta na da hali, ta yi abin yabo, babu mai raina raino sai wanda bai taɓa yin sa ba. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, gidaje nawa ne albashi ɗaya ke riƙewa? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kowa kuma ya san kuɗin haya da na makaranta da na magani. Sannan mu ne dai muke cewa mace muke so ta duba matanmu a asibiti, mace ta karɓi haihuwa, mace ta koyar da 'ya'yanmu mata. Ungozomar da ta kwana a kan matarka tana naƙuda, ita ma wataƙila jariri ta baro a gida.

Akwai wata fargaba da ta fi wannan nauyi, cewa in aka tilasta wa kowane mai kamfani biyan albashin wata shida, zai daina ɗaukar matan aure baki ɗaya. Wannan gaskiya ne, musamman ga mai ƙaramar makaranta da malamai goma. Maganinsa kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. A Jamhuriyar Nijar hutun haihuwa mako 14 ne, kuma wani kaso na kuɗin daga CNSS, asusun kula da walwalar ma'aikata na ƙasar, yake fitowa, wanda ake tara wa gudummawa tun kafin buƙata ta taso. Mun iya kafa asusun fansho, ba abin da zai hana mu yi na haihuwa. Kafin nan, jihohin arewa da ba su kai wata shida ba su dubi Kaduna. Kowace sakatariya da babban asibiti da jami'a kuma su ware ɗaki ɗaya mai tsabta, da tabarmi da fanka da manyan mata biyu da aka horar ana biyan su, inda uwa za ta leƙo ta shayar ta koma. Rabin awar da doka ta bayar ba ta da amfani ga wadda ɗanta ke can ƙarshen gari.

Su kuma maza, a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Wasu dariya suka yi, wai me namiji zai yi a ɗakin mai jego. Abin yi na da yawa: kai manyan yara makaranta, ɗaukar jariri da dare uwa ta samu ta runtsa, zuwa rigakafi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwar shekara biyu, ita ce ta ɗora wa uba ci da tufatar mai shayarwa, ta kuma ce ko yaye sai da yardar juna da shawara. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Magidancin da ke jin kunyar a gan shi da ɗansa a kafaɗa, ba daga addini ya samo wannan kunyar ba.

Duk wannan kuma bai taɓa mafi yawan mata ba, don mafi yawansu ba su da albashi balle hutu. Mai tuyar ƙosai da mai awara da mai ɗinki, ana gama wanka suke komawa sana'a, jariri a baya kusa da kaskon mai, ko a hannun yayarsa da aka hana zuwa makaranta ranar. Su abin da zai amfane su shi ne wurin raino a cikin unguwa mai kuɗi kaɗan. Ajujuwan Islamiyya da yawa a rufe suke da safe, kuma kowace unguwa na da zawarawa da dattawan mata da suka raini yara da dama, suna kuma neman abin yi. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin mata za su iya haɗa waɗannan biyu, ƙaramar hukuma ta turo ma'aikaciyar lafiya ta horar da matan, ta kuma riƙa zagayowa duba tsabtar wurin.