Gasar golf don asibiti: a karɓi kuɗin, amma ina za a sa su?

Tun da aka fara maganar gasar golf ɗin nan da za a yi don tara wa asibiti kuɗi, mutanenmu ke ta zuba sharhi. Wasu sun ce wasan masu hannu da shuni ne, wasu sun ce riya ce, in don Allah ne a kai kuɗin a ɓoye mana. Ni kam ina goyon baya.

Gaskiya golf ba wasan talaka ba ne. Filin golf na Kano tun zamanin Turawa yake, amma Bakanon da ya tashi a Kurna ko Ɗorayi zai iya tsufa bai taɓa taka shi ba, in ba yana cikin yaran da ke ɗaukar jakar sanduna ba. To ai nan amfanin yake. Masu zagaya ramuka 18 da sassafe suna hira, su ne masu masana'antu a Bompai da Sharaɗa, da manajojin banki, da manyan 'yan kasuwar Kwari. In Alhaji ya ji abokinsa ya ba da miliyan biyar, da wuya shi ya tsaya a ɗaya. Batun riya kuwa, zuciya Allah ya bar wa kansa sani, kuma aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba bayyana sadaka, duk da ta fifita ɓoyewa.

Damuwata ita ce bayan an tafa an watse. Mun saba ganin a sayo babbar na'ura, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Bayan 'yan watanni ka tarar an lulluɓe ta da leda, don babu wuta, ko wani ɗan ƙarfe ya lalace babu mai gyara.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san abin da ke karya mutane. Ƙarfe biyun dare nas ta miƙo maka 'yar takarda: safar hannu, sirinji, ƙarin ruwa, allura kaza. Ka fita neman kyamis, in ma akwai kuɗin. Na taɓa ganin wani dattijo a baranda ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya zauna a tabarma yana kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya a waya, matarsa tana ciki ana jiran ledar jini. Masu wankin ƙoda kuwa, sau biyu zuwa uku ake so a sati, da yawa sai sun sayar da fili ko gona, daga baya su daina zuwa.

Don haka, ranku ya daɗe masu shirya gasa, ku zauna da nas-nas da likitocin ɗakin gaggawa da na haihuwa kafin ku yanke shawara. Su suka san inda ke ciwo. In da ni ne, iskar oksijin da sola zan fara sa wa a gaba, sai asusun da zai biya wa marar hali kayan aiki nan take, ba sai an jira ɗan uwa ya zo daga ƙauye ba.

Kada gwamnati ta ɗauka an sauke mata nauyi. A Abuja aka yi alƙawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma har yau gwamnatin tarayya ba ta kusanci hakan ba. Asibiti irin na Murtala, da ke karɓar marasa lafiya har daga jihohin maƙwabta, ya fi ƙarfin gasar yini guda.

Kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A faɗa mana nawa aka tara, nawa aka kashe a liyafa da kofuna, nawa ya isa asibiti. A karanta a rediyo, a liƙa a ƙofar asibitin, bayan wata shida a sake fitowa da lissafi.